Me ɗaliban jinya suke nufi idan suka ce a sauya musu salon koyar da kimiyya?

Wata Babbar Sallah, shekarun baya, an gama fiɗa ana ware kayan ciki, sai ƙanwata da ke shekarar farko a makarantar koyon aikin jinya ta ce a dakata, kada a jefa zuciyar ragon a tukunya tukuna. Ta ɗauko faranti da reza da buta ta koma gefe. Ta shafe makonni tana bitar hanyar jini kamar mai tilawa: ya shigo ɗakin sama na dama, ya gangara na ƙasa, ya tafi huhu, ya dawo ta hagu, ya fita zuwa sauran jiki. A baki ta iya tsaf. Amma in ka ce ta rufe takarda ta zana maka, sai hannu ya tsaya.

Ta yanke saman zuciyar, ta tsiyaya ruwa, ta ɗan matsa ƙasan da tafin hannu. Sai ga wasu siraran fatu sun taso sun haɗe baki, ruwan ya kasa komowa. Ta tsaga ta gida biyu, ta ga fararen zaruruwan da ke riƙe da fatun, ta sa yatsa ta ji naman ɓangaren hagu ya fi na dama kauri nesa ba kusa ba. Na ce mata, to me ya sa? Ta yi jim, sannan ta ce, "Yaya, ai na dama huhu kawai zai tura wa jini, ga shi nan maƙwabcinsa. Na hagu kuwa har ɗan yatsan ƙafa." Can kuma ta ce, "Wallahi da haka aka nuna mana a aji, da ban sha wannan wahalar ba."

Duk wanda ya zauna da ɗaliban jinya ya ji irin wannan maganar. Darussan da suke kuka da su sanannu ne: anatomi, wato sanin yadda Allah ya tsara jiki, fisiyoloji, sanin yadda gaɓoɓi ke aiki, ilimin ƙwayoyin cuta, ilimin magunguna, da ɗan abin da ya samu na kemistiri da fiziks. Kukan kuma ba namu ba ne mu kaɗai. Tun shekarun 1990 masu bincike a Birtaniya, daga baya a Ostireliya da wasu ƙasashen, suke ta rubutu a kansa, kuma abin da ke ta maimaituwa a bakin ɗalibai kusan ɗaya ne: waɗannan darussa su ne suka fi ba su tsoro, su ne kuma suke ganin sun fi buƙata. Ba cewa suke a rage musu ba. Da yawansu ma ƙarin lokaci suke nema.

A nan Arewa akwai ƙarin nauyi. Yarinya za ta zo da kiredit biyar ɗin da ake nema, Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, amma ba ta taɓa sa ido a maikiroskof, madubin ganin ƙananan halittu, ba, domin ɗakin gwajin sakandarensu ko dai babu, ko kuwa kango ne. Wannan giɓi ne ya sa shirin Women for Health, da gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2012 a jihohin Kano da Katsina da Jigawa da Zamfara da Yobe, daga baya Borno, ya buɗe ajin share fage don 'yan matan karkara su gyara kimiyyarsu kafin su shiga makarantun jinya da ungozoma. Wadda ba ta samu irin wannan dama ba, tana shiga sai ta tarar da watannin farko, waɗanda a tsohon tsari ake kira PTS, da jarrabawar tankaɗe da rairaya tana jiranta. Ga ƙasusuwa 206 da sunayensu na Latin, ga jijiyoyin kai 12, ga handawut mai kauri. Mafita ɗaya take gani, hadda.

To idan irin wannan ɗaliba ta ce a kawo sabon salo, me take nufi? Shugabannin makarantu sukan ɗauka majigi take so, ko kwamfuta, ko allo mai taɓawa da yatsa. Ni dai abin da na fi ji, kuma shi ne ya fi fitowa a rubuce-rubucen da aka yi kan ra'ayin ɗalibai, ya fi wannan sauƙi: a gaya mana inda wannan karatun zai yi mana rana a bakin gadon mara lafiya.

Ɗauki misalin mace mai jijjiga, wato taune-taunen da ke kama mai ciki ko mai haihuwa, abin da duk wata nas da ta yi aiki a ɗakin haihuwa a ƙasar nan ta sani. Ana yi mata allurar magnesium sulphate. Kafin a ƙara mata ta gaba, dole nas ta duba abu uku: ta ƙwanƙwasa ƙasan gwiwa ta ga ko ƙafa za ta zabura, ta ƙirga numfashi kada ya gaza 16 a minti, ta auna fitsari kada ya gaza mililita 30 a awa. Ana iya bai wa ɗaliba wannan a matsayin layi uku ta haddace, ta kuma ci jarrabawa. Ana kuma iya tsayawa a tambaye ta: me ya haɗa allura da fitsari? Sai a bar ta ta lalubo cewa ƙoda ce ke fitar da maganin, in fitsari ya ragu to maganin taruwa yake a jini. In ya taru, sai ya riƙa dakushe saƙon da jijiya ke kai wa tsoka. Zaburar gwiwa ce ke fara ɓacewa, in ba a farga ba sai abin ya kai ga tsokokin numfashi. Shi ya sa ake ajiye makarinsa, calcium gluconate, kusa da gado. A cikin wannan mace ɗaya an koyar da ƙoda, an koyar da jijiya da tsoka, an koyar da magani da makarinsa. Ɗalibar da ta bi ta wannan hanya, ko ta manta lambar, ba za ta manta dalilin ba, kuma dalilin ne zai tashe ta tsaye ƙarfe uku na dare idan ledar fitsari ta ƙi cika.

Koyarwa ta hanyar ɗora matsala a gaban ɗalibai ba yau aka fara ta ba. Makarantar likitanci ta Jami'ar McMaster da ke Kanada ta kafa tsarinta a kan haka tun 1969. Ɗalibai sukan yaba da ita saboda tana da ɗanɗanon asibiti. Ƙorafinsu a kanta shi ma gaskiya ne: a rukunin mutum 15, mutum biyu ke aikin, sauran a sa sunansu, kuma in malami bai zo a ƙarshe ya ɗaure zancen ba, kowa zai tashi bai san ko amsarsu daidai ce ba.

Abu na biyu da suke so shi ne su taɓa da hannu. A nan ne maganar mutum-mutumi ke shigowa, kuma shi ma tsohon abu ne. A 1759 Sarki Louis na 15 ya ba wata ungozoma, Madam du Coudray, izinin zaga Faransa tana koyar da matan ƙauye karɓar haihuwa, da wani ƙugun mace da jariri da ta haɗa da ƙyalle da fata. A 1911 aka kai wa Asibitin Hartford da ke Amurka wata 'yar tsana mai girman mutum da ake kira Mrs. Chase don ɗaliban jinya su koyi aiki a kanta. A 1960 wani mai ƙera kayan wasan yara ɗan Norway, Asmund Laerdal, ya fito da Resusci Anne, wadda har yau da irinta ake koyon farfaɗo da numfashi. Na zamani kuwa suna numfashi, suna da bugun jini, malami na zaune da kwamfuta yana sauke musu hawan jini yana kallon abin da ɗalibai za su yi.

Hujja mafi ƙarfi a kan wannan ta fito ne a 2014, daga ƙungiyar hukumomin jinya na jihohin Amurka. An bi ɗalibai sama da 600 a makarantu 10, wasu aka maye musu kashi 25, wasu kashi 50 cikin ɗari na sa'o'in koyon aiki a asibiti da atisaye a ɗakin gwaji. Da aka kwatanta su da waɗanda suka yi koyon aikin yadda aka saba, ba a ga wani bambancin a zo a gani ba a iliminsu, ko ƙwarewarsu, ko cin jarrabawar lasisi. Sai dai masu kawo wannan sakamako sukan tsallake sharuɗɗansa: malaman an horar da su musamman, kuma bayan kowane atisaye ana zama a warware abin da ya faru, me kika gani, me ya sa kika yi kaza, da me za ki sauya. A wannan zaman ne kimiyyar take shiga kai. In aka cire shi, wasan kwaikwayo kawai aka yi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda abin yake a wasu makarantunmu. An sayi mutum-mutumi mai tsada, ko wata ƙungiya ta kawo gudummawa, an lulluɓe shi da farin zane an kulle ɗakin, ba a buɗewa sai masu tantance makaranta za su zo. In an buɗe kuma, ɗalibai sama da ɗari ne a tsaye kan gado ɗaya, na baya sai dai su ji labari. Ga shi gwamnati ta ƙara yawan gurbin ɗaukar ɗalibai don cike giɓin ma'aikatan da ke ficewa waje, amma ɗakunan gwaji da malamai ba su ƙaru daidai da haka ba. A irin wannan hali, zuciyar rago da huhu da ƙoda daga kwata, a raba wa rukunin mutum shida-shida, sun fi na'urar da ke kulle amfani. A sa tiyo a maƙogwaro a hura, a ga huhu ya kumbura ya saki. A tsaga ƙoda a ga inda fitsari ke taruwa kafin ya gangara. Haka ma zana hanyoyin jini da maka a kan damtse da bayan hannu, mata da mata, maza da maza, don kunya kada ta hana koyo. Duk wannan kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Sai maganar waya. Tun da annobar korona ta rufe makarantu a Maris na 2020, karatu ya koma WhatsApp da Zoom na wani lokaci, kuma bai gama dawowa ba. Ɗalibai suna son bidiyo, da dalilinsu: ana iya tsayarwa, a maimaita sau biyar, ba mai hararar ka. Abin da zanen littafi ya kasa nunawa, kamar yadda saƙon lantarki ke ratsa zuciya, bidiyon minti uku yana nunawa. Daga nan ne aka samu salon da ake juya aji, wanda wasu malaman kemistiri biyu a jihar Colorado, Jonathan Bergmann da Aaron Sams, suka yi fice da shi tun 2007: a kalli bayanin a gida, a zo aji a yi aiki da shi. A takarda abin gwanin sha'awa ne. A ɗakin kwanan ɗalibai kuwa, tambayar farko ita ce wa zai sayi data, ta biyu ina za a yi caji. Ɗalibar da ta yini a tsaye a asibiti, ko matar aure da ta dawo ta tarar da girki da yara, yaushe za ta kalli bidiyon minti 40? Shi ya sa za ka ji suna cewa malam ya sauke musu aikinsa. Wani lokacin sun yi gaskiya. Gajeren bidiyo da aka tura wa kowa ta Bluetooth ko Xender tun a aji, da tambayoyi uku da za a zo da amsarsu, ya fi dogon jerin adireshin intanet da aka watso a rukuni da tsakar dare.

Yanzu ga inda maganar take da sarƙaƙiya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka dole a saurari ɗalibai. Amma abin da ɗalibi ya ji daɗinsa da abin da ya zauna masa a kai ba kullum suke zama abu ɗaya ba. A 2019 Louis Deslauriers da abokan aikinsa a Jami'ar Harvard suka raba ɗaliban fiziks gida biyu. Darasi ɗaya, takardu ɗaya. Wasu aka yi musu lakca mai santsi daga bakin ƙwararren malami, wasu aka sa su fafata da tambayoyin da kansu kafin a yi musu bayani. Da aka tambaye su, sai suka ce a lakcar suka fi ƙaruwa. Da aka gwada su, sai ga shi waɗanda suka sha fafatawar sun fi cin maki. Wahalar tunani ce suka ɗauka rashin fahimta. Kafin nan, a 2014, Scott Freeman da abokansa sun tattara bincike 225 kan darussan kimiyya da lissafi da injiniyanci, suka ga masu faɗuwa a ajin lakca zalla sun kai kusan kashi 34 cikin ɗari, a ajin da ake sa ɗalibai aiki kuwa kusan kashi 22.

Wannan ya shafi bidiyo kai tsaye. Mutum zai kalli bayani mai kyau, komai ya tafi sumul, ya ji ya gane. A rufe waya a ba shi farar takarda, sai ya ga ba haka ba. Ya kuma shafi malamin da ya gwada sabon salo ya ga ɗalibai sun ɓata rai, sai ya yi zuciya ya koma karanta musu handawut. Shawarar masu binciken na Harvard ita ce a yi wa ɗalibai bayani tun ranar farko cewa za su ji nauyi, kuma nauyin alama ce ta cewa kai na aiki. Ina ganin ɗalibanmu za su karɓi wannan da sauƙi in aka yi musu magana ta girmamawa, domin ba baƙon abu ba ne a wurinsu.

Da yawansu sun bi ta makarantar allo ko Islamiyya. A can ba a wanke allo sai ka kawo karatun da ka a gaban malam. Bayan an wanke kuma ba a barin sa, ana tishi, ana komawa baya a kai a kai don kada ya zube. Masana halayyar koyo sun tabbatar da amfanin waɗannan abubuwa biyu: ƙoƙarin tuno abu ba tare da duba takarda ba ya fi sake karanta shi kafa shi a kai, kuma bitar da aka rarraba cikin makonni ta fi wadda aka cusa dare ɗaya. Tun 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna yadda mantuwa ke cin sabon karatu da sauri in ba a koma masa ba. Saboda haka ban yarda da masu cewa hadda ce abokiyar gaba ba. Sunayen ƙasusuwa da adadin magani dole a haddace su. Abin da ya lalace shi ne haddar daren jarrabawa, fafe gora ranar tafiya, wadda ba tishi a bayanta, ba fahimta a ƙarƙashinta. Malamin da zai buɗe kowane darasi da tambayoyi biyar daga karatun makonnin baya, ba don maki ba, ya kawo sabon salo ko da alli kawai ke hannunsa.

Akwai kuma harshe, wanda ba a cika sa shi cikin lissafi ba. Da Turanci ake koyarwa, da shi ake jarrabawa, amma da Hausa ake jinya a yawancin asibitocinmu. Kalmar jijiya kaɗai ta isa misali. A bakinmu, wadda ke ɗauke jini daga zuciya jijiya ce, wadda ke mayar da shi jijiya ce, wadda ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa jijiya ce, wadda ta ɗaure tsoka da ƙashi a agara ita ma jijiya ce. Abu huɗu mabambanta, suna ɗaya. Ɗalibar da ke fassara a ranta tana iya cakuɗa su ba ta sani ba. Mara lafiya kuma zai ce zuciyarsa na tashi alhali amai yake ji, ko ya ce sanyi ke damun sa, kalmar da ke ɗauke da cututtuka barkatai. Minti biyu da malama za ta ɗauka ta warware irin wannan da Hausa, sannan ta koma Turanci saboda ajin ba Hausawa ne zalla ba, ɗalibai sukan daɗe suna ambatonsa. Gwaji mai kyau shi ne a ce wa ɗaliba ta bayyana wa uwa, da harshen da uwar ke ji, dalilin da ya sa ruwan gishiri da suga ke ceton yaro mai gudawa. In ta iya cewa sugan ne ke jan gishirin ya ratsa bangon hanji, ruwa kuma ya bi su, to ta gane fisiyoloji.

Wa ke koyarwa ma yana cikin abin da suke magana a kai. In an aro likita ko masanin kimiyya, yakan zurfafa kamar ɗaliban likitanci yake koya wa, ba ya kawo misali daga aikin nas. In malamar jinya ce, misalai na nan birjik, amma wani lokacin ita ma da hadda ta wuce wurin, sai ta bi ta kansa da sauri. Haɗa su biyun a darasi ɗaya, ko da sau ɗaya ne a wata, yana toshe ɓarakar kowannensu.

Duk wannan kuma jarrabawa ce ke jan akalarsa. Ɗalibi ba wawa ba ne, abin da za a tambaye shi yake karantawa. Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya ta shigo da jarrabawar OSCE, tsarin da Ronald Harden ya bayyana a Dundee ta Scotland a 1975, inda ɗalibi ke zagaya tashoshi yana yin aiki a gaban mai dubawa cikin ƙayyadadden lokaci. Wannan ci gaba ne. Amma in jarrabawar cikin gida ta tsaya kan "lissafa ƙasusuwan wuyan hannu guda 8", duk wani sabon salo zai zama ɓata lokaci a idon ɗalibi. A tambaye shi: ga ledar ruwa mililita 500, likita ya ce ta ƙare cikin awa 4, robar tana ba da ɗigo 20 a kowace mililita, ɗigo nawa za ka saita a minti? Ya lissafa ya samu kusan 42. Sannan a ce, to in yaro ne ƙarami, ko tsohuwa mai ciwon zuciya, me zai faru in ka bar ruwan ya zuba da gudu? Ranar da tambayoyi suka koma haka, ɗalibai da kansu za su nemi a sauya musu koyarwa.

Takardar jin ra'ayi da ake rabawa a ƙarshen zango, mai tambayar ko an gamsu da darasi, tana auna jin daɗi ne kawai, kuma ana cike ta ne lokacin da hankali ke kan maki. Waɗanda ya kamata a nema su ne waɗanda suka gama, suka yi shekara ɗaya ko biyu a ƙaramin asibitin ƙauye inda ba likita, nas ce komai. Ƙanwar tawa yanzu a irin wannan wuri take. Kwanakin baya na tambaye ta, in za a mayar da ita aji ta zaɓi darasi ɗaya a sake mata, wanne za ta ɗauka? Na zaci zuciya za ta ce. Ta ce, "Yaya, ruwa da gishirin jiki, da lissafin maganin yara gwargwadon nauyinsu. Sati ɗaya muka yi a kansu a makaranta. A nan kuwa da damina ta faɗi, daga safe har dare su nake yi."